Jan Fenti a Wutsiyar Sifana

Shekara huɗu Heber Olivera ya yi yana fama da gyaran Baturiya, matarsa Nilda ba ta taɓa sa masa baki ba. Baturiya dai mota ce, ƙirar Ingila ta 1951, koriya mai duhu irin na kwalba, wadda Nilda ta gada daga mahaifinta Don Eleuterio Barreiro, tsohon bakanike a garin Durazno. Ta bar shi ya sauke inji ya mayar, ya sake wa kujeru fata, ya yi ta zarya gun 'yan gwangwan har Montevideo a kan gilashin fitila guda ɗaya. Tun da ya yi ritaya daga gidan waya yake neman abin yi, ita kuwa ta fi son ya same shi a gareji da ya riƙa bin ta kicin yana buɗe mata tukwane.

Ranar wata Talata da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya a yi taron tsofaffin motoci a bakin kogin Yí, ta fito da fulas a hammata da ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa da bututu, a hannu, ta tarar da shi ya shimfiɗa jakar kayan aikin motar a kan benci. Jakar tamfol ce mai naɗewa, mai aljihu bakwai: sifana huɗu, filaya, sukundireba, da sifanar fulogi. Da ita motar ta zo daga masana'anta. Kowane ƙarfe ya dafe, ya yi duhu, kuma a wutsiyar kowanne akwai jan fenti kamar faɗin yatsa biyu. Ga kwali a gefe an riga an rubuta masa adireshi.

"Tsoho, ina za ka kai kayan Baba?"

"Montevideo. Bas ɗin jibi. Za a yi musu wankan kurom, su dawo suna ɗaukar ido kamar bambar gaba."

"Wa ya ce haka suke?"

"Yamandú."

"Na ji. Shi kuma wa ya gaya masa?"

Heber ya karɓi ƙoƙon ya zuƙa, ya ja lokaci kafin ya ɗago. Shekara hamsin da aure sun koya masa cewa in Nilda ta jera tambaya ta biyu, to ta uku na nan tafe.

Yamandú Fagúndez shi ne shugaban ƙungiyar masu tsofaffin motoci na garin, kuma shi ne alƙalin gasarsu. Sana'arsa gwanjon shanu, don haka ko gaisuwa zai yi sai an ji ta a layi na gaba. Nilda ta san shi tun yana da gashi. Ta koyar da shi kimiyyar sinadarai a sakandare, kuma ba ta manta irin makin da yake ci ba.

"Yana da littafi," in ji Heber. "Daga Ingila aka aiko masa. Ya ce in na buɗe but alƙalai suka ga waɗannan a haka, baƙaƙe ga jan fenti, maki biyar sun tafi. Kofin kuwa na motar da ta fi kama da ranar da ta fito ne. Shekara huɗu fa, tsohuwa."

Wannan "shekara huɗu" ta taɓa ta, don ta ga hannuwansa a duk lokacin sanyin nan. Amma ta san abin da ake kira wankan kurom. Sai an kai ƙarfe ga dutsen inji an goge shi tas, an tsoma shi a ruwan asid, sannan a shafa masa ƙyallin. Duk abin da ke jikinsa ya tafi ke nan har abada, har da jan fentin.

Shi kuwa fentin ba ado ba ne. A zamanin mahaifinta gareji biyar ne a garin, kuma kayan aiki yawo suke yi tsakaninsu kamar kajin unguwa. Sifanar Ingila ba ta kama notin Amurka, ta Amurka ba ta kama na Ingila, saboda haka duk wanda Baturen noti ya faɗo wa sai ya aika aro. Don kaya su san hanyar gida, kowane gareji da launinsa. Barreiro ja, Fagúndez rawaya, wani gurgu a bakin gada shuɗi. A makon da Baturiya ta iso, kafin ko ɗaya daga ƙarafan jakarta ya taɓa noti, Don Eleuterio ya tsoma wutsiyoyinsu a gwangwanin fenti ya rataye su a waya. Nilda ce ta riƙe gwangwanin, tana 'yar shekara tara, har ta ɓata rigar makarantarta ta sha faɗa.

"Kira Yamandú ya zo gobe da la'asar," ta ce. "Ya zo da littafin nasa. In na kasa nuna muku komai, ni da kaina zan kai kwalin tasha."

Washegari da sassafe ruwa ya sauko, bai ɗauke ba har la'asar. Ranar ruwa kuwa a Durazno ba a tambayar me za a ci. Nilda ta kwaɓa fulawa da kitse ta soya torta frita cike da faranti, ta barbaɗa sukari. Tana juya su a kasko tana tunani, kuma tunanin bai yi mata daɗi ba. Tana tuna ƙarafan nan baƙaƙe ne ranar da suka zo. To amma tana kuma tuna mahaifinta dogo ne ƙaƙƙarfa, alhali kwat ɗinsa da ke rataye a kabad ko ita da ƙyar take shiga. Idon 'yar shekara tara ba shaida ba ne. Ta sha faɗa wa ɗalibanta haka, yau ga shi ya juyo kanta.

Yamandú ya iso da littafin a ƙarƙashin rigar ruwa, yana kare shi kamar jariri.

"Malama! Barka da ruwa! Wannan ƙamshi tun daga kwana ya kamo ni. Heber, kai dai ka more, shi ya sa tumbin nan ya ƙi ritaya."

"Zauna, Fagúndez. Goge hannunka kafin ka taɓa mini faranti."

Har yau da sunan gidansu take kiransa, yadda take yi a aji, shi kuma har yau in ta kira sai ya ɗan gyara zama. Suka zauna a gareji kusa da Baturiya, ruwa na dukan kwano, ƙoƙon mate na zagayawa. Da ya ci uku ya buɗe littafin a shafin da ya naɗe wa kunne. Ga hoto nan mai launi: but ɗin mota irin tasu a buɗe, jakar tamfol a shimfiɗe, sifanoni suna walƙiya kamar cokulan amarya.

"Gani ya kori ji, Malama. Ga su nan. Turawan da suka ƙera motar ne suka rubuta."

Nilda ta sa tabarau. Ba ta tsaya kan hoton ba, ta juya can farkon littafin.

"An buga shi 1998. Motar kuma ta fito 1951. Shekara nawa ke nan tsakani? Kar ka wahalar da kanka, na san lissafinka. Arba'in da bakwai. Dubi hoton kuma. Ciyawa ce a ƙarƙashinta, ga kintinkirin gasa a gilashi. Wannan ba masana'anta ba ce, filin taro ne irin namu. Wani ne can ya yi abin da kuke shirin yi, aka ɗauki hotonsa aka sa a littafi, ku kuma kuna nan ƙarshen duniya kuna kwaikwayonsa."

"Haba Malama, littafi ne fa."

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa da littattafai. Kwafar juna suke yi kamar 'yan bencin baya. Kai ka fi kowa sanin yadda ake yi."

Heber ya ƙware da mate. Yamandú ya yi dariya har da dukan cinya, amma bai saki ba.

"Na yarda, na kwafa, kuma Allah ya saka wa Perla da ta zauna gabana a aji. Amma rushe hotona bai gina maganarki ba. Ke ina naki hoton? Wa ya ga ƙarafan nan suna sababbi?"

"Akwai wanda ya gani, kuma ya rufe abin da ya gani." Ta ɗauki ƙaramar sifanar ta nuna wutsiyarta. "Tsatsa da hannu da iska sun ci duk jikin nan. Amma inda fenti ya rufe, iska ba ta shiga ba tun makon farko. Duk yadda Turawa suka sallamo ta, yana nan a ƙarƙashi."

Ta ɗauko kwalbar tina mai narkar da fenti, da auduga da tsinken sakace. Ta ƙi yarda a kawo wuƙa ko samfefa, don ƙarfe kan ƙarfe zai yi ƙarya, ya bar ƙyallin da ba nasa ba. Ta juya sifanar ta baya, ta zaɓi wuri bai fi ƙwayar wake ba. Nan hannunta ya ɗan tsaya. Ga wata 'yar ƙwallar fenti a bakin wutsiyar, inda ɗigo ya taru ya bushe yana rataye a waya shekara sittin da wani abu da suka wuce. Don ta ceci fentin mahaifinta, sai ta fara da ɓata shi da hannunta. In kuma ƙyalli ya fito, ta yi alkawarin kai kwali tasha.

Ta ɗora audugar ta danne da babban yatsa. Tsohon fenti ba ya sakin jiki da wuri. Sai da ƙoƙo ya zagaya sau biyu sannan jan ya fara laushi. Ta riƙa ɗaga shi da tsinke a hankali, mazan biyu sun sunkuyo har kawunansu na neman haɗuwa.

Abin da ya fito baƙi ne. Baƙi mai laushin ido, mara ƙyalli ko kaɗan, kamar allon aji da aka goge da ruwa ya bushe, sumul ba ɗigon tsatsa.

Nilda ta ajiye tsinken.

"Ga shi nan. Ba fenti ba ne, ba datti ba ne. Dafa su ake yi a ruwan magani har fatar ƙarfen ta yi baƙi, a shafe da mai, a cusa a jaka. Wa zai ɓata kurom a kan abin da za a jefa a but tare da jak?"

Yamandú ya karɓa ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya juya ta, ya kankara da farce.

"Guda ɗaya ce," ya ce. "Ke kika koya mana gwaji ɗaya ba gwaji ba ne."

"Ashe dai wani abu ya shiga. To zaɓi ta biyu da kanka."

Ya bi aljihunan da yatsa kamar mai zaɓen maraƙi, ya zaro ta uku, matsakaiciya, wadda ta fi sauran shan hannu. Nilda ta sake ɗora auduga. Wannan karon jan ya saki da sauri, kamar ba shi da kauri. Ta sa tsinke ta ɗaga.

Rawaya ce ta leƙo.

Ruwa na ta dukan kwano. Nilda ta ƙara faɗaɗa wurin kaɗan, ko idonta ne. Ba idonta ba ne. Rawaya ce shar, irin ta ƙwanduwar ƙwai.

"Sifanar Babana!" Yamandú ya miƙe tsaye, muryar gwanjo ta cika garejin. "Wayyo Allah, sifanar Babana! Heber, ka gani da idonka? Ka zama shaida!"

Duk wanda ya girma a Durazno ya san zancen sifanar nan. Motoci biyu iri ɗaya suka sauka a jirgi ɗaya, ɗaya ta zo hannun Don Eleuterio, ɗaya hannun Don Ubaldo Fagúndez, mahaifin Yamandú. Wata shekara Don Ubaldo ya ce ya ba Barreiro aron sifana bai dawo da ita ba. Don Eleuterio ya shimfiɗa jakarsa a gaban mutane ya ce a nemo rawaya a ciki. Daga nan suka shekara ashirin suna gaisawa da haɓa. Don Ubaldo har ya koma ga Allah in an ambaci Barreiro sai ya ce, "Mai jan fenti." Nilda kanta ta taɓa tashi daga teburin wani biki saboda wannan magana.

Heber ya jingina da Baturiya yana dariya har hawaye. "Surukina! Allah ya jiƙanka, surukina! Ashe tsoma ta ka yi!"

"Rana dubu ta ɓarawo," in ji Yamandú, yana nuna rufin kwano kamar mahaifinsa na zaune a kai. "Baba, ka ji? Yau ce ranar taka!"

Nilda ta cire tabarau ta goge. Ta nemi haushi a ranta ba ta samu ba. Abin da ta samu shi ne hoton mahaifinta, ɗan gajere kamar yadda kwat ɗinsa ya faɗa, ya ɓatar da tasa sifanar, ya rufe ƙofar gareji yana tsoma ta maƙwabci a gwangwani yana waige-waige. Sai ta ji ya fi kusa da ita fiye da dogon nan da ta daɗe tana tunawa.

"Babanka ya yi gaskiya, Fagúndez," ta ce. "Nawa ya yi ƙarya. Na faɗa a gaban shaida. Yanzu zauna, ban gama ba."

Ta sake jiƙa auduga ta ɗora a kan rawayar. Da ita ma ta saki, sai ga baƙin nan dai, sak irin na farko.

"Gwaji biyu ke nan. Ɗaya Barreiro ya rufe, ɗaya Fagúndez ya rufe. Mutum biyu da ko a kan sunan rana ba sa shiri, yau bakinsu ya zo ɗaya. Har yanzu littafinka ne?"

Yamandú ya dubi sifanar, ya dubi littafin. "A bar kurom," ya ce. "Amma wannan gida za ta." Ya zura ta a aljihun rigarsa ya dafe.

"Kai, Yamandú," in ji Heber, dariyar ta ɗauke. "Aljihu ɗaya zai zama fanko fa."

"Jaka mai giɓi, maki uku. Dokar ƙungiya ce, ba ni na rubuta ba."

"Kai ka rubuta mana!"

"To ba zan karya ta ba." Ya kwashi torta frita biyu na hanya ya fita cikin ruwa. Littafin kuwa a kan benci ya manta shi.

Ranar Alhamis bas ya tashi ba kwalin. Heber ya zuba kusoshi a ciki. Su biyu suka zauna a ƙofar gareji da kwanon kananzir da tsummoki, suna wanke ƙarafa shidan da suka rage. Da datti ya fita aka shafa mai, sai ga tsohon baƙin yana nan a lunguna da tsakanin haruffa, ya kuma koɗe ya yi fari-fari a daidai inda tafin hannu ke kamawa. Heber ya tambaya ko za ta iya haɗa ruwan maganin nan a sake dafa su su yi baƙi gaba ɗaya. Ta ce za ta iya, amma ba za ta yi ba. Baƙin na Turawa ne, farin na Baba ne, kowa ya riƙe nasa.

Ranar taro gari ya yi wasai. Motoci kusan arba'in suka jeru a ƙarƙashin itatuwa a bakin kogi, hayaƙin gashin nama na bin su ɗaya bayan ɗaya. Nilda ta kafa kujerarta a inuwar Baturiya. Wajen azahar Yamandú ya iso da wasu alƙalai biyu da allon rubutu. Ya duba inji, ya leƙa ƙarƙashi, ya shinshina kujeru. Heber ya buɗe but ya warware jakar, yana kallon gefe don kar ya ga giɓin.

Yamandú ya tsaya a kan jakar ya yi gyaran murya. Sai ya sa hannu a aljihu, ya zaro sifanar, ya zura ta a gurbinta.

"Aro ne, Malama," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Aro! Zuwa yamma. Ku duka shaida ne."

"Mun ji, Fagúndez."

Daga nan ya juya ga sauran alƙalan ya shiga yi musu bayanin yadda masana'anta ke dafa ƙarfe ya yi baƙi, da yadda littattafai ke kwafar juna, kai ka ce a gabansa aka yi. Nilda ta zuba ruwa a ƙoƙonta ta bar shi ya ci gaba. Ɗalibin da ya maimaita darasi daidai, ko bai faɗi inda ya samo ba, ba a rage masa maki.

Baturiya ta zo ta biyu. Wata akori-kura ta Amurka ce ta ɗauki kofin. Yamandú ya zare musu maki biyu saboda jan fentin, ya ce duk abin da za a faɗa, Turawa ba su tsoma wutsiyar komai a gwangwani ba, kuma Nilda ta ce wannan gaskiya ne. Heber bai ma samu sukunin jin zafi ba. Har rana ta karkata mutane na layi a bayan motarsa, ba don inji ko kujeru ba, don su ga 'yar tagar nan mai hawa uku a wutsiyar sifana: ja, rawaya, baƙi. Tsofaffi na ta ba jikokinsu labarin Don Ubaldo da Mai jan fenti. Wasu maza biyu da suka riga suka kai nasu kayan wankan kurom bara suka tsaya suka kalla, suka wuce.

Suna kan hanyar gida, Baturiya na tafiya a hankali irin na masu shekaru, Heber ya dafa goshi.

"Tsohuwa! Ba mu mayar masa da sifanar ba."

"Ya san gidan."

"Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Kalli hanya, tsoho."

Ranar Laraba Yamandú ya zo karɓar kayansa. Aka yi sa'a hadari ya haɗu, Nilda ta ɗora kasko. Ya ci, ya sha mate, ya yi musu da Heber a kan kafireto har ruwa ya ɗauke, ya tafi. Laraba ta gaba ma ya zo, da wadda ta biyo ta. Kullum da maganar sifanar yake shigowa, tun daga bakin ƙofa, da muryar da maƙwabta za su ji. Ita kuwa tana nan a aljihu na uku, a but ɗin Baturiya, tsakanin 'yan'uwanta.